Kujerar da Lauratu Ta Kafe da Ƙusa

A kashe injin markaɗe, a ɗaure awaki, masu shayi a rage wuta. Ni Kamalu ɗan Balan, mai babur ɗin da ba ya tashi sai an roƙe shi, wanda ya yi aji biyar na sakandare ya bar wa gwamnati sauran, yau zan gabatar muku da Sarauniyar Kala ta Gaya da kewaye, Gimbiyar Ja da Kore, wadda ta taɓa sa kansila ya yafa mayafi a gaban mutanensa: Lauratu, 'yar kawuna. Taubashiyata ce, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta gado ne, babu alƙalin da zai saurari ƙararta.

Shekararta talatin da huɗu, 'ya'yanta uku, ba ta da tsawo kuma ba ta da surutu. Tana aiki a shagon Abdurra'uf da ke kusa da tasha a Gaya. A gaban shagon ana hoton takardu da na fasfo. A ƙuryar ciki kuma akwai wani ɗan ɗaki, nan take zama tana tsara katin biki, kalandar sauka, da takardun da mata ke manna wa kwalbar man gyaɗa. Ƙananan ayyuka a nan ake buga su. Manya kuwa sai an tura wata madaba'a a Kano. To ka ga matsalar: inji yana Kano, mai aikin yana Gaya, kuma abin da zai gani kafin a buga masa dubu biyu shi ne gilashin kwamfuta kawai. Lauratu magana ɗaya take gaya wa kowa: abin da ka gani a gilashin nan, shi za a kawo maka a takarda. Da wannan maganar take cin abinci.

Idon nan nata ba a makaranta ta samo shi ba. Uwarta, Inna Gaji, ɗinkin hula take yi a Balan, kuma tun Lauratu tana shekara tara ita ce 'yar aiken zare. A ba ta guntu kamar tsawon ɗan yatsa, ta bi 'yan kasuwa zuwa Gaya ta nemo irinsa. Wata rana ta kawo ruwan makuba, Inna Gaji ta fito da shi tsakar gida ta ɗora a kan hular, ta ce, “Wannan ƙanin wanda na aike ki ne.” A rumfar mai zare, ƙarƙashin shuɗiyar leda, iri ɗaya suke. A rana kuwa kowa da ubansa. Ta koma ta canzo. Daga ranar ba ta sake sayen zare a inuwa ba, sai ta fito da shi bakin rumfa ta ɗaga, har mai zaren ya sa mata suna Fito-da-shi.

Ta gama sakandare, wanda shi ne kaɗai abin da ta fi ni, ta yi wata shida tana koyon kwamfuta a Wudil, ta auri Anas, malamin firamare ɗan Toranke, suka zauna a Gaya.

Lokacin da ta fara aiki, kwamfutar shagon mai ƙeya ce, irin wadda sai mutum biyu sun ciccibe ta. Da ta mutu Abdurra'uf ya sayo gilashi shafaffe, siriri kamar allon karatu. 'Yan tasha har layi suka yi suna leƙe, kowa yana cewa kala kamar a lasa. Aikin farko da aka yi da shi kalandar saukar wata Islamiyya ce. A gilashi hijabin yaran kore shar. Da aka kawo daga Kano ya koma kamar miyar kukar da ta kwana. Malaman suka karɓa, amma irin karɓar nan da ba a cewa an gode.

Washegari Lauratu ta shiga mota ta tafi madaba'ar, ta yini a kusa da mai injin. Shi ya gaya mata cewa gilashi fitila ce, takarda kuwa tawada ce, kuma fitila tana iya wani koren da tawada huɗu ba za su taɓa iyawa ba ko za a kwana ana haɗa su. Ya buga mata wata takarda mai gida-gida, kowane gida da kalarsa da lambobinsa. Ya ba ta wani ɗan fayil da za ta saka a kwamfutarta, wanda ke sa gilashin ya kwaikwayi injinsu, ya daina yin alƙawarin da tawada ba za ta cika ba. Ya kuma nuna mata wata 'yar na'ura kamar kwaɗo da ake rataya wa gilashi a fuska ta auna gaskiyarsa. Lauratu ba ta da irinta, har yau. Shi ya sa sau biyu a shekara take naɗe gilashin a bargo, ta ɗora a cinya kamar jaririn da za a kai rigakafi, ta kai shi Kano a auna.

Da ta dawo daga waccan tafiyar, ɗakin ya canza. Ta rage hasken gilashin har farinsa ya zo daidai da farar takarda, sannan ta liƙe maɓallan da salatif don masu hannu irin nawa. Ta sa aka shafe bango da ruwan toka. Ta yi wa gilashin rumfa da kwalin taliya, ta shafa wa cikinsa baƙin fenti. Ta rataye wani tsohon mayafi ruwan toka a ƙusa, duk wanda ya shigo da riga mai ihu sai ya yafa, saboda rigar tana jefa kalarta a gilashi. Kansilan da na ambata, sanye da shuɗiyar shadda ya zo ganin kalandarsa. Ya yi gardama, ta kashe gilashin ta ci gaba da lissafin takardu. Da ya gaji da tsayuwa ya yafa. Ina da hoton a waya, amma ina son zaman lafiya.

Sai kujerar. Ta katako ce, ta kafe ƙafafunta huɗu a siminti da ƙusar kankare. Dalili kuwa, gilashin nan, da yake ba mai tsadar ba ne, yana da hali irin na ɗan siyasa: ka tsaya a gabansa ya gaya maka magana ɗaya, ka koma gefe ya gaya maka wata, ka leƙo daga ƙasa ya yi duhu kamar bai san ka ba. Wuri ɗaya kawai yake faɗin gaskiya, kuma nan kujerar take. Gajere a sa masa matashi, dogo a ce ya rage. Idan mutum ya amince da kala, sai ta buɗe gwangwanin zaren Inna Gaji ta zaɓo wanda ya dace, ta yanka biyu, rabi nasa rabi nata. Ranar da aiki ya iso, a fita rana a gwada. A shekara huɗu ban ga wanda ya amince da aiki a ɗakin nan ba a kan kujerar ba, sai mutum ɗaya.

Mutumin shi ne Malam Surajo na Toranke, mahaifin Anas, wato surukinta.

Malam Surajo irin wake yake sayarwa, fiye da shekara ashirin. Iri biyu gare shi. Akwai ɗan wuri, wanda ke nuna cikin kwana sittin da 'yan kai, na mai son ya ga wake kafin ruwa ya ɗauke. Akwai kuma mai yaɗo, wanda ke jan lokaci amma ya cika gona da harawa, na masu shanu. A cikin leda, mai gaggawa ba zai tsaya bambance su ba. Tun farko da ƙyalle yake ɗaure bakin ledojin: ɗan wuri jan ƙyalle, mai yaɗo ruwan goro, daga wasu zannuwa biyu na marigayiyar matarsa. Zannuwan suka ƙare, ya riƙa nemo makamantansu, har sunan ya bi waken. A kasuwa ba ka jin an ce ɗan wuri, sai dai “ba ni mai ja mudu biyu” ko “ba ni mai ruwan goro.” Yawancin masu sayen ba su yi boko ba, kuma ba su taɓa buƙatarsa a wurin Malam ba.

Bana ya yanke shawarar yin sitika, saboda wasu sun fara ɗaure nasu waken da jan ƙyalle suna cewa nasa ne. Dubu ɗaya ja, dubu ɗaya ruwan goro, da sunansa a jiki. Ta bakin ƙanwar mijinta saƙon ya iso wa Lauratu. Ta mayar da shawara ko a yi ja da shuɗi, don sun fi nisa da juna. Amsa ta dawo cewa babu wanda ya taɓa shuka mai shuɗi a Toranke.

An gama shukar gero, ana jiran ta wake, na ɗauko Malam a babur ranar Lahadi da hantsi don ya ga aikin. Sai an tura Kano kafin la'asar ɗin Talata, in ana so ya samu shiga injin Laraba ya riski kasuwa.

Gidan su Anas mutanen kunya ne, irin ta da. Lauratu ba ta taɓa faɗin sunan surukinta ba. Ta rubuta shi a kwamfuta harafi-harafi, amma bakinta a rufe. Shekara goma sha ɗaya da aure, abin da ya taɓa shiga tsakaninsu bai wuce “ina kwana Baba” da “lafiya lau, ya yaran” ba. Yana yin sallama ta sauko daga kujerar ta durƙusa a gefen tebur, ta ja hijabi har gira. Ta nuna min kujerar da ido, wato in zaunar da shi a kai. Ni kuwa ladabi ya motsa min a ranar, abin da ba ya yawan faruwa. Na ga bai kamata dattijo ya hau 'yar kujerar da surukarsa ta tashi yanzu ba, na ruga gaban shago na ɗauko tabarmar sallar Abdurra'uf na shimfiɗa.

“Madalla, ɗan nan,” in ji Malam. “Ni dama kujera ba ta karɓe ni ba.”

Ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon gilashin daga ƙasa kamar mai duban wata.

Da yake ba za ta yi masa magana kai tsaye ba, ni na zama tafinta. Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Ka ce masa daga ƙasa yake kallo. Sai a kan kujera.”

Na dubi dattijon nan, ya riga ya miƙe ƙafa ya jingina sandarsa. Na ce, “Baba, ta ce idonka ya fi na'urar, duk yadda ka ce haka za a yi.”

“Allah ya yi mata albarka. To jan nan ya yi duhu, kamar jinin da ya kwana. A buɗe shi.”

Lauratu ta harare ni ta ƙasan hijabi. Ta miƙa hannu kan tebur ta kama linzamin kwamfutar ta rage.

“A ƙara buɗewa.”

“Kamalu,” ta ce a hankali, “ka gaya masa abin da na ce.”

“Baba, ta ce ko a ƙara?”

“A ƙara kaɗan.”

Sau huɗu ana buɗe ja. A wurin masu tawada, ashe ja haɗi ne na ruwan hoda mai ƙarfi da ruwan ɗorawa. Duk lokacin da ka rage na farkon, ja ya kama hanyar ruwan goro. Ni ban san wannan ba a lokacin. Ita ta sani, tana ganin lambobin suna sauka, kuma hannunta ne ke saukar da su. A na huɗun Malam ya ce, “Yawwa, ga jan ƙyallena.” Ya yi addu'a, ya tashi, na kai shi wurin abokinsa mai taki na dawo ina jin na yi aikin lada.

Na same ta a tsaye. Ta nuna kujerar.

“Zauna.”

Na zauna.

“Wanne ne ɗan wuri? Kar ka karanta.”

Na duba dama, na duba hagu. Kamar an raba lemo gida biyu. Na nuna na dama da ƙarfin hali.

“Mai yaɗo ne,” in ji ta. “Ka shuka shi kana jiran wake a kwana sittin, ka samu ganye. Ruwa ya ɗauke, yaranka su ci harawa. Mai shanu kuma ya sayi ɗayan, rani ya zo ba shi da abin ba su. Sannan su taru su ce Baba ya fara ha'inci da tsufansa.”

“To ki mayar da shi yadda yake mana, Gimbiya. Wa zai gaya masa?”

“Ya ce a buɗe, na buɗe a gabansa. In na rufe a bayansa, na yi masa ƙarya.”

“To ki tura haka.”

“Abin da ya gani ba ni da shi. Abin da nake da shi bai gani ba. Wanne zan tura?”

Na ce a gaya wa Anas ya yi masa bayani. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi ko kifi ya iya iyo. Anas ɗan fari ne. Malam ko sunansa ba ya kira, sai dai ya ce “wancan na makaranta.” In suka haɗu a hanya kowa sai ya sami abin kallo a gona. Na leƙa gaban shago na kawo wa Abdurra'uf maganar, ya ce shi hoton fasfo ya sani, me ya kai shi tsakanin suruki da suruka.

Ranar Litinin ba ta taɓa aikin ba. Na shigo sau biyu, na same ta tana katin wani biki, sitikun suna gefe a buɗe, tagwaye abinsu. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Da yamma ta kira ni.

“Gobe da sassafe ka je Toranke. Ka ce masa an manta bai karɓi rabin zarensa ba, kuma ba a tura aiki sai an yanka zare. Gaskiya ce, ba sai ka yi mata ado ba. Ka ce ya taho da ƙyallayen nan biyu.”

“An gama, ranki ya daɗe.”

“Ban gama ba. In yana zaune a tabarma, idonsa ina yake kai wa?”

“Yana kai wa har gonar maƙwabci.”

“Tsawo nake nufi. Daga ƙasa.”

“Yanzu so kike in je in auna surukinki da tef?”

“Yadda ka iya ɓatawa, ka iya aunawa.”

Na isa Toranke rana ba ta yi zafi ba, na same shi a zaure yana tsince wake a faifai. Na gaishe shi, na matsa na zauna dab da shi kafaɗa da kafaɗa, abin da yaro mai tarbiyya ba ya yi. Ya dube ni, na ce ina son koyon tsintar iri ne. Ya ce ikon Allah. Ina tsinta ina satar kallo, har na tabbatar idonsa daidai yake da leɓatun kunnena. Ya ce zai zo da kansa bayan ya sallami wasu masu shanu, wani ɗan'uwansa zai sauke shi. Na juyo a guje.

A shago na zauna a tabarma, Lauratu ta ɗauki zare ta auna daga ƙasa zuwa kunnena, ta ja kunnen fiye da yadda awon yake buƙata. Sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ta zare wayoyin gilashin nan da ba ya motsi sai za shi Kano, ta sauko da shi ƙasa. Muka jera bulo biyu, ta ɗora rim ɗin takarda, ta zare kaɗan, ta mayar da kaɗan, har tsakiyar gilashin ta zo daidai da ƙullin zaren. Ta mayar masa da rumfarsa ta kwali, ta sauko da fitilar ɗakin, ta ja labule. Ta shimfiɗa tabarmar a nisan da kujera take da shi daga tebur. Abdurra'uf ya leƙo ya ga gilashinsa a ƙasa, ya koma.

Malam ya iso bayan azahar. Lauratu ta durƙusa a inda ta durƙusa ranar Lahadi. Ya zauna, ya jingina sanda, wannan karon gilashin yana kallonsa ido da ido. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu.

“Wannan ba aikin da na gani shekaranjiya ba ne.”

Ya matso ya nuna sitikun biyu da yatsa.

“Waɗannan ai tagwaye ne. Ko ni da na haife su ba zan raba su ba. Wa ya taɓa?”

Na dubi Lauratu. Kanta a ƙasa, kuma na san ko za a kai magariba ba za ta ce masa kai ne ba. Za ta ɗauka a kanta, ya tafi da cewa surukarsa ba ta iya aiki ba. Ni kuma a rayuwata na bar makaranta, na bar aski, na bar cajin waya, amma ban taɓa barin wani ya sha dukan da ni na jawo ba, sai dai in babu yadda zan yi.

Na ce, “Baba, aikin shekaranjiyan ne. Ko ɗigo ba a taɓa ba. Ranar nan ta ce in gaya maka daga ƙasa kake kallo, abin ba ya faɗin gaskiya daga can. Ni na juya maganar.”

“Ka ce ta ce idona ya fi na'ura.”

“Wannan nawa ne, Baba. Ƙari ne.”

 Sai ya dafa tabarma, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa, ya leƙo gilashin daga can. Ya ɗago. Ya sake sunkuyawa, ya sake ɗagowa.

“Ashe shi ma yana da fuskar da yake nuna wa na ƙasa,” in ji shi. Ya juyo wurina. “Kai kuma, haka kake kai fasinja? A ce maka Ajingi ka sauke mutum a Balan?”

“Wani lokacin hanya ce, Baba.”

“Hanya.”

Ya ciro ƙyallayen daga aljihu, guntayen da ya adana daga zannuwan marigayiyar, ya shimfiɗa a kan farar takarda. Lauratu ta mayar da lambobin jan inda suke tun farko, ya gwada da ƙyallensa, ya ce a ɗan rufe, ta rufe ɗigo biyu, ya ce ya yi. Sai aka zo kan ruwan goro. Ƙyallen ya sha rana da wanki, ya koɗe har ya kusa zama ruwan ƙasa. Malam ya juya shi ya ce ba haka zanen yake ba lokacin da yake sabo. Aka gwada wannan gida, aka gwada wancan, ya ce a'a. Ta buɗe gwangwanin zare, ya duba ya ce duk 'yan'uwansa ne amma ba shi ba.

“To wane goron ake nufi, Baba?” na ce. “Akwai fari, akwai ja, akwai daushe.”

“Wanda aka tauna, sarkin tambaya.”

Ya laluba ya ciro jan goro, ya ɓare, ya tauna a nitse kamar babu wata la'asar da ke tafe. Ya sa ɗan yatsa a baki ya dangwala a kan takardar, ya shafa. Ya nuna gilashi ya ce a yi masa wannan yanzu.

Lauratu ba ta kama linzamin ba. Ta buɗe baki za ta raɗa min, ta dube ni, ta fasa.  Sai ta ce, da muryar da ko ƙuda ba za ta kora ba, amma shi take gaya wa ba ni ba:

“Baba, a bari ya bushe. Yana canzawa.”

Malam bai juyo ba. Ya zuba wa takardar ido. Muka zauna mu uku muna kallon tofin goro yana bushewa, kuma gaskiyarta, yana shan iska yana ƙara nuna, har ya tsaya a wani wuri.

“To,” in ji shi. “Ga shi kuwa. Haka zanen yake.”

Ta daidaita gilashin da shi, ta duba lambobin a takardarta mai gida-gida ta tabbatar tawada za ta iya. Ja a hagu, ruwan goro a dama, ko daga bakin ƙofa ka leƙo kowa da gidansu. A ƙasan gwangwanin ta tono wani tsohon zare da ya dace, ta yanka biyu, ta yanka jan ma biyu, ta ɗora rabinsa a kan tafin hannayenta biyu ta miƙa. Ya karɓa ya cusa a cikin hularsa. Ana kiran la'asar fayil ɗin ya tafi.

Ranar Alhamis kwalin ya iso a motar haya. Ba ta buɗe shi a ciki ba. Ta fito da shi bakin shago cikin rana, Fito-da-shi ta Inna Gaji, ta ɗora zare a kan sitika, ta juya, ta sake ɗorawa. Ta ce, “Ɗauki ka kai.” Iyakar bikin ke nan.

Ranar kasuwa na je na tsaya kusa da rumfar Malam, wai ina jiran fasinja. Wani mai shanu ya taho da sanda a kafaɗa, tun yana taku goma ya nuna da baki ya ce a ba shi mai ruwan goro mudu uku, kuma ledar da ya nuna ita ce. Wata tsohuwa ta ɗauki mai ja, ta juya shi ta ce ina ƙyallen, Malam ya ce ƙyallen ya yi ritaya. Ya hango ni ya ce in matsa daga nan kar in fassara masa ciniki.

Gilashin ya koma kan tebur, kujera tana nan da ƙusoshinta. Amma bulo biyun nan ba a fitar da su ba, suna bayan ƙofa, kuma ta zana wurinsu a siminti da fenti. Tsofaffin mata masu man gyaɗa sun ji labari, yanzu kowace ta zo sai ta ce ita ma a sauko mata da shi.

Jiya na sa sabuwar rigata, koriya mai walƙiya, na je na tsaya a bayanta da takardun nan a hannu. Na karanta mata tun daga a kashe injin markaɗe har zuwa masu man gyaɗa, da murya irin ta masu labarai. Na ce duniya za ta san ta, har Kano za a riƙa nuna ta da yatsa, kuma duk albarkacina ne. Na tambaye ta me za ta ce wa jama'a.

Ba ta juyo ba. Ta nuna mayafin da ke rataye a ƙusa.

“Yafa, ko ka matsa. Rigarka tana ɓata min fari.”